Zan iya jiƙa gyaɗar da ta yi funfuna in fesa wa wake?

Tambaya: Ni manomin wake da gyaɗa ne. Kuɗin maganin feshi ya fi ƙarfina bana, sai na ji a rediyo cewa funfuna tana da gubar da ke kashe ƙwari, har ma tana kashe wasu cututtukan amfanin gona. Ina da buhu biyu na gyaɗa da ruwa ya taɓa a rumbu suka yi funfuna. Wani ya ce in jiƙa ta kwana uku, in tace, in fesa wa wake, tunda abin halitta ne ba haɗin kamfani ba. Ya gaskiyar maganar take?

Amsa: Malam, Allah ya sa albarka a noman. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa kafin mu shiga bayani: kada ka jiƙa gyaɗar nan, kada ka fesa ta. Abin da ka ji a rediyo gaskiya ne, amma shawarar da aka ɗora maka a kai ba ta da kyau ko kaɗan. Na yi shekaru ina aikin kare amfanin gona daga ƙwari da cututtuka, kuma wannan ba shi ne karo na farko da na ji an haɗa maganganun nan biyu wuri ɗaya ba.

Funfunar da ta fi kama gyaɗa da masara a ƙasashenmu masu zafi sunanta Aspergillus flavus, ita ce wadda za ka ga ta yi kore-kore mai ratsin rawaya idan ka ɓare kwanson. Gubar da take fitarwa ana kiranta afulatoksin. Duniya ba ta san da ita ba sai a 1960, lokacin da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila cikin 'yan watanni, aka bi sawu aka tarar da tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Brazil aka haɗa musu abinci. A 2004 masarar da ta yi funfuna ta kwantar da mutum 317 a gabashin Kenya, 125 daga cikinsu suka rasu. Wannan na waɗanda suka ci da yawa a lokaci ɗaya ne. Wanda yake cin kaɗan-kaɗan kullum kuwa, hantarsa ce ke ɗaukar nauyin a hankali, ƙarshenta sankarar hanta, musamman in dama yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Tana tsumburar da yara. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta, don haka ƙuli-ƙulin da aka yi da ruɓaɓɓiyar gyaɗa yana nan da gubarsa. In saniya ta ci, wani ɓangare yana fitowa a nono.

To, afulatoksin tana kashe ƙwari? Tana kashewa. In aka haɗa ta cikin abincin tsutsa a ɗakin gwaji, tsutsar takan daina girma ta mutu. Amma tsutsar da ke cin wakenka tana ɓoye ne cikin fure da kwanso, ruwan jiƙon da ya sauka a ganye ba zai same ta yadda zai yi mata illa ba. Wanda zai samu shi ne kai da ka sa hannu ka tace, ka goya famfon a bayanka, ka shaƙi feshin. Sannan harawar da za ka ba tumaki. Abu mafi muni kuma, ruwan nan cike yake da irin funfunar, wato da hannunka za ka shuka ta a gonar da baɗi za ka sa gyaɗa. Gudun gara ke nan a faɗa wa zago.

Yanzu mu koma ga ainihin ilimin, don yana da daɗin ji.

Ruwa ba ya tsami banza. Funfuna ba ta da ƙafar gudu, ba ta da haƙorin cizo. Ta sauka a kan ƙwayar hatsi ko mushen ƙwaro, nan ne abincinta, nan ne gidanta, kuma akwai dubban masu son ƙwace shi: bakteriya, tsutsotsi, da 'yan'uwanta funfuna. Makaminta ɗaya shi ne ta zuba guba a kewayenta. Shi ya sa gubobin nan suke da yawa iri-iri, wata tana kashe bakteriya, wadda daga cikinsu aka samo fenisilin, wata tana kashe ƙwari, wata tana kashe funfuna. Amma funfunar ba don mu ta haɗa su ba. Ba ruwanta da cewa mai gonar yana da hanta. Aikin masana shi ne su tsaya su tantance, cikin ɗaruruwa, wace ce ke bugun abokin gaba ta ƙyale ɗan Adam da dabbarsa. Kaɗan ne ƙwarai ke tsallake wannan tankaɗe.

Mutane sun daɗe da lura da abin. A Turai akwai wani jan naman kaza mai farin ɗigo-ɗigo, Amanita muscaria, wanda tun zamanin da ake marmasa shi a cikin madara a ajiye don ƙudaje su sha su bugu, har sunansa ma daga ƙuda aka samo shi. A 1835 wani ɗan Italiya, Agostino Bassi, ya nuna cewa wata farar funfuna ce ke kashe tsutsar siliki, kuma da sunansa ake kiranta yau, Beauveria bassiana. A 1879 wani masani mai suna Elie Metchnikoff ya gano koriyar 'yar'uwarta, Metarhizium, a jikin ƙwaron da ke cin alkama a yankin Odesa na ƙasar Ukraine ta yau, ya ce me zai hana a yi nomanta a watsa wa ƙwari. Waɗannan biyun su ne har gobe ginshiƙin wannan fanni.

Yadda suke kisa abin kallo ne. Ƙwayar irin, wadda ta fi garin alkama laushi, tana manne wa jikin ƙwaro. Ba sai ya haɗiye ta ba. Sai ta tsiro, ta fitar da wani ruwa mai narkar da fatar, ta huda ta shiga cikin jininsa. A nan guba ke fara aiki. Metarhizium tana sakin wasu gubobi da ake kira destruksin, waɗanda wani masani ɗan Japan, Kodaira, ya fara warewa a 1961, yanzu an san fiye da iri 30. Suna sandarar da naman ƙwaron, suna kuma kashe ƙwayoyin jinin da ke kare shi, sai ya daina ci, ya yi lakwas. Ita kuma Beauveria tana da wata jar guba, osuforin, wadda babban aikinta bayan mutuwar ƙwaron ne: tana hana bakteriya ruɓar da gawar, don funfunar ta ci abinta ita kaɗai. Kamar mafaraucin da ya kayar da barewa ya tsaya yana korar ungulu.

Ban manta ranar da na fara ganin abin da idona ba. Muka ɗauko matacciyar fara, jikinta ya ƙandare ya yi ja-ja, ba ta wari. Muka sa ta a ɗan faranti mai murfi kan jiƙaƙƙiyar takarda. Kwana biyu sai ga farin gashi-gashi yana ɓullowa ta gaɓoɓin ƙafa da wuya, inda fatar ta fi laushi. Kafin mako ya cika ta rufe ruf da koren gari, ka ce an tsoma ta a kuka. Kowane ɗigo na garin nan zai iya kama wata farar.

Sai ka ce, to a tatso destruksin ɗin mana a zuba a kwalba a sayar. An gwada. In aka yi wa tsutsa allurarta, nan take take sandarewa. In aka fesa a ganye kuwa, sai ƙarfin ya ragu sosai, domin fatar ƙwaro tana da wani maiƙo da ke tare abubuwa, kuma ita gubar a cikin jini aka tsara ta yi aiki, funfunar ce ke kai ta can. Ga tsadar tacewa. Ga kuma wasu daga cikin gubobin nan da ba su ƙyale ƙwayoyin jikin dabba ba. Gubar bobarisin da Beauveria ke fitarwa, alal misali, wata funfunar hatsi mai suna Fusarium ita ma tana fitar da ita, kuma masu binciken abinci a matsayin gurɓata suke lissafa ta. Saboda haka yawancin abin da ya yi nasara a gona ba gubar ba ce zalla, funfunar ce da ranta, a bar ta ta nemi ƙwaron da kanta.

Misalin da ya fi kusa da mu a nan gida aka yi shi. Bayan annobar fara ta 1986 zuwa 1989, wadda aka yi ta zuba maganin feshi ta jirgin sama a faɗin Sahel har tsuntsaye da ƙwari masu amfani suka ji jiki, sai aka kafa wani shiri mai suna LUBILOSA a 1989, da haɗin gwiwar cibiyar CABI ta Ingila, da reshen cibiyar binciken noma ta IITA da ke Kwatano, da cibiyar AGRHYMET ta Yamai. Irin da suka zaɓa, Metarhizium acridum, a jikin wani babe aka same shi a Nijar. Matsalar farko ita ce funfuna laima take so, fara kuwa a busasshiyar ƙasa take. Suka gano cewa in aka dama garin irin a cikin mai maimakon ruwa, yana manne wa farar ya tsiro ko da iska ta bushe ƙayau. Kimanin giram 50 na garin ya ishi hekta guda. Daga nan aka samu maganin da ake kira Green Muscle.

A 1996 da 1997 aka gwada shi a manyan filaye a Maine-Soroa da ke jihar Diffa a Nijar, gefe da gefe da fenitirotiyon, maganin da aka saba amfani da shi. Na kamfanin ya zubar da fara nan da nan, amma cikin makonni kaɗan wasu suka sake cika filin. Na funfunar ya yi nawa, mako guda kamar ba a yi komai ba, sannan farar ta dinga raguwa, kuma ba ta dawo da wuri ba, domin irin yana nan a ciyawa yana kama masu shigowa. Tsuntsaye da ƙwarin da ke cin fara ba su shiga uku ba. A 2020, da farar hamada ta mamaye gabashin Afirka, da shi Somaliya ta yi yawancin feshinta don kada a gurɓata wa makiyaya ciyawa.

Abin dariyar shi ne, wannan irin da ya fi kowane suna kusan ba ya yin destruksin. Cika cikin farar yake yi ya cinye ta. Kuma fara da dangin babe kaɗai yake kamawa, in ka fesa wa tsutsar wake ka yi asarar kuɗinka. Wannan ne alherinsa, wannan ne kuma ya hana shi kasuwa, don ɗan kasuwa ya fi son kwalba ɗaya mai kashe komai. Ƙara da haka manomi yana son ya fesa da safe ya ga gawa da yamma, shi kuwa wannan sai mako biyu zuwa uku. Ita ma farar ba ta zauna ba: in ta kamu takan hau kan kara ta shanya jikinta a rana har zafinta ya wuce wanda funfunar ke jurewa, ta jinkirta mutuwarta. Zazzaɓin da gangan ke nan.

Akwai dai inda aka ci nasarar mayar da gubar funfuna maganin ƙwari na kwalba. Masana a cibiyar Kitasato ta Japan sun ware wani sinadari, firifirofin, suna neman maganin kitsen jini ne ma. Daga baya aka lura yana kashe darɓa. Aka gyara shi, kamfanin BASF ya fitar da shi a 2018 da sunan afidofirofen. Yana rikita gaɓar da ƙwaro ke jin motsi da daidaita jikinsa da ita, sai darɓa ko farin ƙuda ya kasa tsotson ganye, yunwa ta ƙarasa shi. Duba tazarar: shekara 25 tsakanin ganowa da shiga shago. Kuma a nan bari in gyara wani kuskure da nake yawan ji har a bakin malaman gona. Abamektin da emamektin da kuke fesa wa tsutsar masara da sharon na tumatir, da sifinosad, ba daga funfuna suke ba. Daga bakteriyar ƙasa aka samo su.

Labarin da na fi so in ba ɗalibai na New Zealand ne, domin ya nuna gaba da bayan al'amarin. Tumakinsu sun daɗe suna fama da wata cuta, su dinga tangaɗi suna faɗuwa kamar masu maye. A farkon shekarun 1980 aka gano wata funfuna ce da ke zaune a cikin jikin ciyawar kiwo, ba a ganinta daga waje. Sai aka ce a shuka ciyawa marar funfuna. Aka shuka, tumaki suka warke, amma wani ƙwaro mai huda kara ya cinye ciyawar tas. Ashe funfunar ce ke gadin ta. Da aka zurfafa bincike sai aka ga guba daban-daban take yi: feramin tana korar ƙwaron, lolitirem B ita ke bugar da tumaki. Aka yi ta nema har aka samo irin da ke yin ta farkon ba ya yin ta biyun, aka sa masa suna AR1, ya shiga hannun manoma a 2001. Shekara 20 ana raba guba da guba a cikin funfuna ɗaya. Bokitin jiƙonka ba zai yi maka wannan rabon ba.

Ɓangaren kashe funfuna kuwa, a nan ne aka fi samun riba, kuma ina kyautata zaton ka taɓa amfani da shi ba ka sani ba. A dazukan Turai akwai wani ɗan ƙaramin naman kaza, Strobilurus tenacellus, da ke tsirowa kan 'ya'yan itacen da Turawa ke kira pine da suka faɗi suka nutse a ƙasa. A 1977 masana biyu a Jamus, Timm Anke da Wolfgang Steglich, suka ware gubar da yake korar sauran funfuna da ita. Tana toshe musu hanyar numfashi ne a cikin ƙwayar halitta, sai su rasa ƙarfin tsirowa. Da aka fesa ta a fili sai rana ta lalata ta cikin ƙanƙanin lokaci. Masana sinadarai suka yi shekaru suna canja mata gini, suna barin haƙorin da ke cizo suna sauya sauran jikin, har a 1996 aka fito da azoksistorobin. Shi ne a cikin Amistar da ire-irensa da masu shinkafa da tumatir da albasa ke saya. Ka ga a nan tambayar "na halitta ne ko na kamfani" ta rasa ma'ana: naman kaza ne ya ƙirƙiro, masana'anta ta gyara.

Sai dai yana da aibi biyu da nake so masu noman rani su riƙe. Wuri ɗaya tak yake bugu a jikin cutar, don haka canji ɗan kaɗan ya ishe ta ta gagare shi. Shekara biyu kacal da fitowar wannan rukuni, a 1998, aka samu farar cutar ganyen alkama a arewacin Jamus ta daina jin sa. Wanda ya mayar da shi abin fesawa kowane mako, shi ke horar da cutar gonarsa. A fesa sau ɗaya ko biyu, a canja zuwa wani rukuni. Na biyu, yana kashe kifi, saboda haka wanke famfo a bakin rafi ko a magudanar fadama ɓarna ce.

A asibiti ma haka. Ƙwayar da ake ba yara masu makero a kai, girisiyofulbin, daga wata funfuna dangin mai fenisilin aka ware ta a 1939. An fara gwada ta a kan cututtukan shuka kafin a 1958 a gane tana warkar da makero in aka sha. Makonni ake yi ana sha, kuma ba a ba mai ciki. Akwai kuma allurar kasfofunjin da aka amince da ita a Amurka a 2001 don masu cutar funfuna mai tsanani a cikin jiki. Tana hana funfuna gina bangon jikinta, mu kuwa ƙwayoyin jikinmu ba su da irin wannan bango, shi ya sa take bugun cutar ta bar majinyaci. Irin wannan gubar ake nema, mai kai hari inda mu ba mu da shi.

Wataƙila ka ce to ka haƙura da gyaɗar, amma za ka nemi matacciyar fara ka noma koriyar funfunar a gida, tunda an ce a kan shinkafa ake yin ta. Gaskiya ne a kan dafaffiyar shinkafa ake yi, cikin leda. Amma ko mu da muke da tukunyar turara kaya da ɗaki mai tsabta, mun sha zubar da aiki. Akwai lokacin da wani ɗalibina ya kawo mini leda goma sha biyu yana murna sun yi kore shar. Da muka ɗora a ƙarƙashin madubin ƙara girma, rabinsu Aspergillus ce ta riga ta shiga. Ita ma koriya ce, kuma ta fi saurin girma. Idon da bai saba ba ba zai raba su ba. In kana son maganin Beauveria ko Metarhizium ko Trichoderma (funfunar da ke yaƙar cututtukan shuka), nemi wanda ke da lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewa, wanda ba a shanya shi a rana a bakin shago ba, domin abu ne mai rai, zafi yana kashe shi. Da yamma ake fesawa, in rana ta yi sanyi. Kuma kada a haɗa shi a famfo ɗaya da maganin kashe funfuna. Na ga wanda ya yi haka ya dawo yana cewa maganin jabu ne.

Ga gyaɗarka ta baɗi kuwa, akwai abin da ya dace da matsalarka kai tsaye. Ba duk Aspergillus flavus ke yin guba ba. Masana a IITA ta Ibadan sun zaɓo iri huɗu marasa guba daga ƙasar Najeriya, suka lulluɓe gasasshiyar dawa da su, suka rina ta shuɗi don kada a ci. Shi ne Aflasafe. Ana watsa kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin gyaɗa ko masara ta yi fure, lokacin da ƙasa ke da danshi. Marasa gubar su riga masu gubar kama wuri, kuma a gonakin da aka gwada afulatoksin ta ragu da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Da ɗan gari akan ci gari. Amma ba zai hana gyaɗa ruɓewa ba in rumbu yana yoyo, sai ka gyara jinkar, ka kuma tabbata ta bushe har tana ƙara a kwanso kafin ka ɗura a buhu.

Waken bana kuma, in kuɗi ya yi kaɗan, kada ka raba maganin ka tsinka shi don ya kai feshi biyar. Tattara ƙarfinka a kan biyu ko uku: lokacin da ya fara ɗaurin fure, da lokacin da furen ya buɗe, da farkon kwanso, don a nan ne ƙwari ke yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Tsakani ka iya taimakawa da jiƙon dakakkun 'ya'yan darbejiya, wannan kam jiƙo ne da aka gwada aka san iyakarsa. In ka girbe, buhun PICS mai leda biyu a ciki ya fi maka zuba fiya-fiya a cikin wake.

Buhu biyun nan kuma, kada ka sayar wa masu ƙuli-ƙuli ko masu tatsar mai, kada ka ba kaji, kada ka ba saniyar tatsa. Ɗaura ƙyalle a hanci kafin ka motsa su, ka fitar da su nesa da gida da rijiya ka ƙone, ko ka haƙa rami mai zurfi ka binne. Buhunan ma su bi su. Sannan ka share rumbun ka bar shi a buɗe ya sha rana kafin sabon amfani ya shiga.